Yadda ake ciyar da ɗan macijin masara daidai da girmansa

Ranar da na shigo gida da 'yar roba mai murfi, ƙanena ya leƙa ciki ya ja da baya, ya ce, "Yaya, gardi za ka koma?" Abin da ke cikin robar bai kai kaurin biro ba, tsawonsa kuma bai wuce taƙi ɗaya da 'yan yatsu ba. Ban ga laifinsa ba. A Gombe muke, jihar da ke da asibiti sukutum a Kaltungo don masu saran maciji, kuma kowa ya san ɓarnar da kububuwa ke yi wa manoma da makiyaya. Wanda ya taso a irin wannan ƙasa, ko tsumma ya gani a duhu sai gabansa ya faɗi.

Macijin masara ba ɗan ƙasar nan ba ne. Asalinsa kudu maso gabashin Amurka, yankunan Fulorida da Jojiya da Karolina, kuma ba shi da dafi ko kaɗan: nannaɗe abin da ya kama yake yi ya matse shi, kamar mesa. Sunan ya samo asali ne daga yawan ganinsa kusa da rumbunan masara inda yake farautar ɓeraye, wasu kuma suna cewa daga zanen cikinsa ne mai kama da jerin ƙwayoyin masara. Yana ƙyanƙyashewa da tsawon santimita 20 zuwa 30, nauyinsa giram 5 zuwa 8, in ya girma ya kai mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A hannun mai kula yakan yi shekara 15 zuwa 20. Ga wanda ya riga ya ɗauko wannan amana, cikin abubuwan da ke kashe ƙananansu a shekarar farko akwai abinci: ko ya yi girma, ko ya yi yawa, ko an ba su a lokacin da cikinsu ba zai iya narkar da shi ba.

Kafin ɓera, sikeli

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan harka ido maƙaryaci ne. Ɗan maciji mai giram 9 da mai giram 16 kusan ɗaya suke a ido, alhali abincinsu ya bambanta. Don haka abu na farko da za ka saya shi ne ƙaramin sikeli mai batir, irin na masu gwal ko na masu haɗa kek, wanda ke nuna giram ɗaya-ɗaya. Ka ɗora roba babu komai a kai, ka danna ya koma sifili, sannan ka saka macijin ka rufe. Ka yi awon ne kafin ciyarwa, bayan ya yi kashi, don in ka auna shi da ɓera a ciki nauyin ɓeran kake rubutawa. Sau ɗaya a mako biyu ya isa.

Sai littafi, ko na 'yan firamare ne mai shafi arba'in. Kwanan wata, nauyin maciji, nauyin ɓera, ya ci ko bai ci ba, ranar da ya yi kashi, ranar da ya yi saɓa. Za ka ɗauka za ka riƙe a ka. Bayan wata biyu sai ka tsinci kanka kana gardama da kanka ko Talata ka ba shi ko Alhamis.

Ragowar kayan ba su da yawa: dogon hantsaki mai kai marar kaifi, leda mai zif, kofin da ba za a sake shan ruwa da shi ba, da ma'aunin zafi.

Ɓeran da za a ba shi, da wanda ba za a ba shi ba

Abincinsa ɓera ne cikakke, da ƙashinsa da hantarsa da hanjinsa. Daga ƙashi yake samun sinadarin gina nasa ƙashin, daga kayan ciki kuma bitamin. Yankan nama, ko kifi, ko dafaffen ƙwai, ko madara da wasu ke cewa maciji na so, duk ba abincinsa ba ne. Ɗan tsakon kaza na kwana ɗaya ma yakan kai giram 35 zuwa 40, wato ya ninka jaririn maciji sau biyar, don haka wannan zance ne na sai ya girma.

Yanzu ga inda nake so a saurare ni da kyau. Kada ka kuskura ka ba shi ɓeran gida ko na gona, ko da ka samu sheƙar jarirai a bayan buhun masara kyauta. Na ɗaya, shinkafar ɓera da sauran gubar da ake zubawa a sito: wasunsu sai sun yi kwanaki a jikin ɓera kafin su kashe shi, ka gan shi yana gudu lafiya lau alhali mutuwa yake ɗauke da ita. Na biyu, tsutsar ciki da ƙwayoyin cuta. Na uku shi ne babba, kuma kai ya shafa, ba macijin ba: zazzaɓin Lassa. An fara gano cutar a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, kuma ɓeran nan mai nonuwa da yawa ne ke yaɗa ta ta fitsarinsa da kashinsa. Maƙwabciyarmu Bauchi tana cikin jihohin da cutar ta fi yi wa ɗauki ɗai-ɗai, tare da Ondo da Edo, musamman da rani. Saka ɓera a firiza ba ya kashe wannan ƙwayar cuta, adana ta ma yake yi. Mutum ya je yana tonon ramin ɓera da hannu don ya ciyar da abin sha'awa, ai an yi ba a yi ba.

Abin da ya dace shi ne farin ɓera na kiwo, irin wanda ɗaliban kimiyya ke gwaji da shi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom kusa da Jos sananniya ce wajen kiwonsu, sassan nazarin magunguna da halittu na jami'o'i ma sukan ajiye su, akwai kuma 'yan kasuwa a manyan birane da ke sayar da daskararru. Ka tabbata wanda ka saya ba a yi gwajin magani a kansa ba. Wannan tambaya ce da za ka yi baki da baki, ba ka ɗauka ba.

Ɓeran kiwo yana da matakai huɗu kafin ya girma, kuma dole ka san su don da su ake ciniki. Daga haihuwa zuwa kwana biyar jajir yake, tsirara, ido a rufe, giram 1 zuwa 3. Masu sayarwa na ce masa finki. Wajen mako guda gashi ya fara tsiro, ya kai giram 4 zuwa 8. Wannan fozi suke ce masa, ni kuwa mai tsiron gashi nake kiransa. A mako biyu ido ya buɗe ya fara tsalle-tsalle, giram 9 zuwa 12, shi ne hofa. A mako uku an yaye shi, giram 13 zuwa 19. Daga giram 20 zuwa sama babba ne. Sai dai kowane mai sayarwa da nasa mudun: fozin wani hofan wani ne. Ka riƙa tambayar giram, ka bar suna.

Awon da ya fi kowane muhimmanci

Ka dubi macijinka, ka nemo inda ya fi kauri, wato tsakiyar jiki, ba wuya ba, ba kai ba. Faɗin ɓeran a kwankwasonsa ya zama daidai da wannan kaurin, ko ya ɗara kaɗan, iyakarsa ninki ɗaya da rabi. Kada ƙanƙantar kansa ta ruɗe ka. Haɓarsa ta ƙasa ƙashi biyu ce da wata jijiya mai talewa ta haɗa, kowane ɓari yana motsi shi kaɗai, shi ya sa yake iya haɗiye abin da ya fi kansa girma. Amma abin da baki ya iya haɗiyewa daban, abin da ciki zai iya narkarwa daban.

Ta fuskar nauyi, ɓeran ya kasance wajen kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin macijin. Jariri sabon ƙyanƙyasa ne ya fi ƙetare wannan lissafi, tunda babu ɓeran da ya fi finkin kwana ɗaya ƙanƙanta. Ga yadda nake tafiyar da nawa.

Daga ƙyanƙyasa zuwa giram 15, finki ɗaya, giram 1 zuwa 2, duk kwana 5 ko 6. In macijin bai kai giram 7 ba, ka zaɓo mafi ƙanƙanta a cikin ledar.

Daga giram 16 zuwa 25, babban finki ɗaya mai giram 3, ko ƙanana biyu a zama ɗaya, duk kwana 5 ko 6. In biyu ne, ka bari na farkon ya sauka tsakiyar ciki kafin ka miƙa na biyu.

Daga giram 25 zuwa 50, mai tsiron gashi, a fara da na giram 4 ko 5 a hau zuwa 8, duk kwana 6 ko 7. Wannan matakin ne na fi so mutane su lura da shi. Da yawa sukan maƙale a kan finki wata da watanni, suna ba da uku har huɗu, don suna tsoron ɓera mai gashi. Finki kuwa yawancinsa ruwa ne da guringuntsi, ƙashinsa bai yi ƙwari ba. Mai tsiron gashi guda ɗaya ya fi finki uku amfani. Da zarar kaurin jiki ya ba da dama, a wuce wurin.

Daga giram 50 zuwa 90, hofa ɗaya duk mako. Daga 90 zuwa 170, yayayye duk kwana 7 zuwa 10. In ya wuce nan ya fita daga sahun yara, sai babban ɓera duk kwana 10 zuwa 14.

Ka ga ban ambaci watanni ba. 'Yan ƙwai ɗaya da aka ƙyanƙyashe rana ɗaya, a wata shida sai ka samu wani ya ninka ɗan'uwansa. Duk wanda ya ce maka "a wata uku ake sauya ɓera" bai auna nasa ba.

In lissafin nauyi da na kauri suka saɓa, bi na kauri, ka ɗauki ƙaramin. Shaidar ƙarshe kuma ƙullutun ciki ne. Bayan ya haɗiye za ka ga ɗan tudu a tsakiyarsa. In tudun ya ɓace cikin kwana ɗaya zuwa biyu, awo ya yi. In ba ka ga tudu ba sam, ko ya ɓace kafin gari ya waye, kuma macijin yana ta zagaye yana neman ƙari, lokacin hawa mataki ya yi. In kuwa fatar ta talle har kana ganin farin da ke tsakanin ɓawon jikinsa, kuma bayan kwana uku tudun na nan, ka wuce gona da iri. Ranar da za ka hau sabon mataki, ka zaɓi mafi ƙanƙanta a sabon rukunin, ka kuma ƙara masa kwana ɗaya a kan hutun da ya saba.

Narkarwa da miƙawa

Sabon ƙyanƙyasa ba a ba shi komai sai ya yi saɓarsa ta farko, wajen kwana 7 zuwa 10, don har lokacin ragowar gwaiduwa ce ke riƙe da shi. Wanda ka sayo kuma, musamman in ya sha doguwar mota daga Legas ko Abuja, ka bar shi kwana 5 zuwa 7 da ruwa da maɓoya kawai, ba ɗauka, ba kiran abokai su zo kallo. Kafin ka biya kuɗi ma ka tambayi mai shi ko ya ci aƙalla sau uku a jere, da irin abin da ya ci.

Ranar ciyarwa ka ciro ɓera ɗaya daga firiza, ka saka a leda ka zuge, ka tsoma a ruwan sanyi. Finki ba ya wuce minti 15 zuwa 20, hofa yakan kai minti 40 ko fiye. Ka ɗan latsa cikinsa da yatsa ta bayan ledar: in akwai tauri ko sanyi a tsakiya, da saura. In ya saki duka, ka mayar da ledar cikin ruwa mai ɗumi, irin wanda za ka iya barin hannunka a ciki, na minti biyar. Ban da tafasasshen ruwa, ban da shanyawa a rana, ban da ɗorawa a kan murfin tukunya. Finki fatarsa kamar ta dafaffen tumatir take, zafi kaɗan ya yi yawa sai ya fashe. Ɓeran da tsakiyarsa ke da ƙanƙara kuwa ruɓewa yake a ciki kafin ya narke.

Bayan Magariba ko bayan Isha'i ne lokacin, don a lokacin yake fitowa farauta. Ka wanke hannu da sabulu kafin ka buɗe akwatin, kar yatsanka ya yi warin ɓera. Cizon jariri bai kai ƙayar tsidau zafi ba, amma fizge hannun da za ka yi yana iya karya masa haƙori. Ka kama ɓeran da hantsaki ta baya, kansa na fuskantar macijin, ka kawo shi nesa da bakinsa kamar faɗin yatsu biyu, ka ɗan karkaɗa a hankali. Za ka ga harshe ya fara fita da sauri, wuya ya lanƙwashe. In ya cafka ka saki, ko ka ɗan ja kaɗan ya ji kamar abin na da rai ya nannaɗe. Daga nan ka daskare a inda kake. Ƙaramin maciji in ya tsorata a tsakiyar haɗiya sakin abincin yake yi, kuma ba lallai ya koma ba. Ta kai yake farawa; in ya kama ta gindi ko ta gefe ka ƙyale shi, zai gyara da kansa. Finki minti biyar ya wuce.

Kada ka buga masa ɓera a hanci. A wajensa abin da ke kawo masa hari maƙiyi ne, ba abinci ba. In bai kai sara ba, ka ajiye ɓeran a kan murfin roba a bakin maɓoyarsa, ka kashe fitila ka fita. Da asuba in yana nan ka jefar, a ɗaure a leda. A zafin garinmu ma ba na barinsa ya wuce awa shida zuwa takwas, ga kuma tururuwa da kiyashi da ke iya far wa macijin kansa.

Game da shimfiɗa, jarida ko tishu mai kauri sun fi wa jariri. Yashi da dusar katako suna manne wa jiƙaƙƙen ɓera ya haɗiye su tare. Dusar 'yan katako kuma ba ka san itacen da aka yanka ko maganin ƙwarin da aka fesa masa ba. In kana da macizai biyu kowa da akwatinsa. Jarirai biyu sukan kama finki ɗaya ta kai da gindi, wanda ya fi ƙarfi ya zarce da ɗan'uwansa.

Mai rai kuwa ba na ba da shi. Daga hofa zuwa sama ɓera yana da haƙoran da zai huda idon maciji ko ya gaigaye masa baya, sannan azabtar da ɓeran ne a banza. Mai kiwon ɓerayensa da kansa ya je likitan dabbobi ya koya masa yadda ake kashe su nan take ba tare da wahalarwa ba.

Bayan ya ci, awa 48 ba a taɓa shi. Ruwa mai tsabta a ɗan kwano mai nauyi da ba zai kife ba, shi ke nan. Kashi zai biyo baya cikin 'yan kwanaki, baƙi-baƙi tare da wani fari kamar alli. Farin fitsarinsa ne, ba ciwo ba. Kai kuma ka sake wanke hannu da hantsakin, domin macizai da ɓerayen abincinsu suna ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi. Yara ƙanana su tsaya a kallo.

Zafin Gombe da ɗauke wuta

Maciji ba ya ɗumama jikinsa da kansa, zafin wurin da yake ne ke narkar masa da abinci. Yana buƙatar ɓangare ɗaya na akwatin ya kasance digiri 28 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas, ɗaya ɓangaren kuma 22 zuwa 25, ya riƙa zaɓa. Turawan da ke kiwonsa damuwarsu yadda za su ɗumama akwati. Mu a nan, daga Maris zuwa farkon Mayu, damuwarmu yadda za mu sanyaya shi, tunda rana takan kai digiri 40, ɗakin kwano marar silin kuma ya zama tanda.

A nan na yi kuskuren da har yau nake jin haushinsa. Watan Afrilu ne, macijin na da giram 21. Finki ya ƙare mini, sai mai tsiron gashi na giram 6 da na sayo don gaba. Na dube shi na dubi macijin, na ce ai bambancin ba yawa. Ya haɗiye da ƙyar, ya fi minti ashirin yana fama. Kwana biyu aka yi ba wuta, ba fanka, ma'aunin da ke cikin akwatin yana nuna 35. A rana ta uku tun daga ƙofar ɗaki wari ya tare ni. Ga ɓeran a kan jarida, rabi a narke, lulluɓe da yauƙi, macijin kuma ya shige kwanon ruwa ya lafe. Hajiyarmu daga tsakar gida ta ce, "Kai, wane mushe ka ajiye mana a ɗakin nan?" Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, yanzu zan kwashe." Ta ce ai dama ta faɗa.

Amai a wajen maciji ba ƙaramin abu ba ne. Ruwan cikinsa mai narkar da abinci yana ƙona maƙogwaro in ya fito, kuma sai an ɗauki lokaci kafin cikin ya dawo daidai. Abin da zuciya ke raya wa mutum shi ne ya sake ba shi washegari tunda ya yi asarar abinci. Wannan ne ke kashe su. Ka jira kwana 10 zuwa 14 cur, ruwa kawai. Sannan ka ba shi rabin abin da ya saba, ko ƙasa da haka. Nawa finkin giram ɗaya na ba shi. In ya zauna, bayan mako guda ka sake ba da irinsa. Sai ya riƙe uku a jere kafin ka fara hawa a hankali. In ya sake amai karo na biyu a jere, maganar ta koma ta likitan dabbobi, ka tafi da sabon kashinsa a leda a duba tsutsa da ƙwayoyin cuta.

Tun daga lokacin na kafa wa kaina doka: in ma'auni ya wuce 32 da rana, ba na ciyarwa sai na samo masa wuri mai sanyi. Nakan sauke akwatin ƙasa a kan siminti, a ɗakin da rana ba ta duka, kusa da randa. Kifaffen kasko da aka ɗan jiƙa bayansa maɓoya ce mai sanyi da ba ta cin ko sisi. A irin makonnin nan nakan sauko da girman ɓera kaɗan, in ƙara kwana biyu tsakanin ci da ci. Lafiyayyen ɗan maciji ba ya komai don ya yi kwana goma bai ci ba.

Da hunturu abin juyawa yake. A Disamba da Janairu dare kan yi sanyi ƙasa da digiri 16, abinci ya zauna a ciki ba narkewa. In kana da shimfiɗar ɗumama akwati mai na'urar daidaita zafi, da sola ko inbata, to madalla, ka sa ta ƙarƙashin kashi ɗaya cikin uku na akwatin. In babu, gorar ruwan ɗumi a naɗe da tsumma, a jingine ta waje a gefe ɗaya, ana sauyawa, tana taimakawa a dare biyun farko bayan ci. Busasshiyar iskar kuma tana sa saɓa ta maƙale, don haka ka ajiye masa 'yar roba mai ƙofa da jiƙaƙƙen tishu a ciki.

Sai firiza. Daskararren ɓera yana yin wata shida lafiya in bai taɓa narkewa ba, amma wa zai rantse a kan haka a garin da ake kwana a wuni ba wuta? Dabarar da nake yi: na daskarar da ruwa a ƙaramin kofi, na ɗora tsakuwa a saman ƙanƙarar, na ajiye kusa da ɓerayen. Duk ranar da na buɗe na ga tsakuwar ta nutse ƙasa, na san an narke an sake daskarewa a bayan idona, sai in zubar da su duka. Asara ce, amma ba ta kai amai ba. Shi ya sa ba na sayen da yawa, musamman finki da maciji zai wuce matakinsa cikin wata biyu ko uku. A saka su a leda, a saka ledar a roba mai murfi, nesa da naman miya, kuma mutanen gida su san abin da ke ciki. Wanda ya ɓoye wannan, ranar da aka buɗe robar ana neman kifi zai yi bayani.

Kiwon ɓerayen da kanka yana rage dogaro da 'yan kasuwa, sai dai bai raba ka da firiza ba. Macen ɓera cikin kwana 19 zuwa 21 take yi, ta haifi shida zuwa goma sha biyu, kuma cikin kwana biyar duk sun wuce matakin finki, alhali macijinka ɗaya kawai zai ci a wannan tsakanin.

In ya ƙi ci

Fara duba idonsa. In ya yi shuɗi-shuɗi kamar an zuba masa madara, launin jikin ya dushe, saɓa ce ke tafe. Ƙanana suna yinta duk mako huɗu zuwa shida. Ka bar shi sai ya tuɓe, kwana ɗaya bayan haka ka ba shi, za ka ga cafka. In ba saɓa ba ce, duba ma'aunin zafi, sannan maɓoya: jariri a ƙaton akwati marar wurin ɓuya ba ya ci, don a tunaninsa shaho na sama. Kwalin ashana babba ko kwalin tsakiyar tishu ya ishe shi.

In duk waɗannan daidai suke, akwai dabaru, amma ɗaya ake gwadawa a lokaci guda, da tazarar kwana biyar. Miƙa masa abinci kullum ƙara firgita shi yake. Ka saka shi da finkin a 'yar ƙaramar roba mai hudojin iska, ka mayar cikin akwatinsa a duhu na 'yan awoyi. Ko ka tsoma finkin a ruwan zafi na daƙiƙa biyu zuwa uku ka bari ya huce. Ko ka wanke shi tas don warin sheƙa ya fita. Ko ka huda kansa da tsinken allura ka shafa ɗan ruwan a hancin finkin. Ba daɗin gani, amma tana aiki. A dajinsu jarirai sukan fara da ƙananan ƙadangaru da kwaɗin bishiya, shi ya sa goga finki a saɓar ƙadangare kan ja hankalin mai taurin kai. Saɓar kawai. Kada ka ba shi tsaka ko ƙadangaren bango ya haɗiye, suna cike da tsutsa, kuma in ya ɗanɗana zai iya ƙin ɓera gaba ɗaya. Ɗura da ƙarfi aikin gwani ne, wanda bai iya ba yakan yaga maƙogwaro. Jaririn da ya ƙi ci sau huɗu a jere, ko littafinka ya nuna ya zubar da kashi 10 cikin ɗari na nauyinsa, a kai shi wurin likita.

Kishiyar wannan matsala ita ce mai ci ba ƙoshi, kuma yawancinsu haka suke. Ko jiya ya ci, in ka miƙa yau zai karɓa, domin a daji bai san ranar da zai sake samu ba. Wasu suna amfani da wannan su riƙa ɗura masa duk kwana uku don ya yi saurin girma a nuna wa abokai. Kitse ne ke taruwa a hanta da kewayen kayan ciki, kai ya zauna ƙarami a kan ƙaton jiki. Ka riƙa duba siffarsa daga gaba: lafiyayye kamar yankan burodi yake, ciki a shafe, gefe a miƙe, baya a ɗan zagaye. In ƙashin baya ya fito kamar tsinin rufin kwano, ya rame, a matso da kwanakin ci. In ya zama kamar tiyo, ƙashin bayan ya nutse cikin kwari, ga wani kumburi daf da inda wutsiya ta fara, ya yi ƙiba, a ƙara kwana uku ko huɗu tsakanin ci da ci, a bar girman ɓeran yadda yake.

Kuma bayan kowace ciyarwa ka bi murfin akwatin da yatsa kusurwa-kusurwa ka tabbata ya kama. Duk ramin da kansa ya shiga, jikinsa zai bi. Ƙaramin macijin masara launinsa bai gama fitowa ba, ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa ne a kan toka-toka, kuma maƙwabcin da ya gan shi a bakin rariya da daddare ba zai tsaya tambayar ko daga Fulorida yake ba kafin ya ɗauko taɓarya.